Turbar Bakin Ruwa

A ƙasarmu babban mutum ba ya gudu a banza. In ka ga magidanci ya tattare riga yana sheƙawa a guje, abu na fari da za ka yi shi ne ka dubi bayansa, ka ga abin da ya koro shi. Ko sa ne ya tsinke, ko gobara ce, ko kuwa mahaukacin kare. Shi ya sa aka ce, in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Gudu na yara ne, da sojoji, da 'yan ƙwallo. Dattijo kuwa sannu yake takawa, gama a tafiyarsa ake ganin girmansa.

Iyayenmu suna da gaskiya a zamaninsu. Ba su bukaci wani ya ce musu su motsa jiki ba. Mahaifina da ƙafa yake zuwa gona, da ƙafa yake dawowa, ran kasuwa kuma ya ɗora kaya a ka ya yi mil bakwai. Mahaifiyata kafin hantsi ta gama daka, ta je rafi sau uku. To, yau fa? Babur ya zo, injin niƙa ya zo, A Daidaita Sahu ta zo. Yaro in an aike shi sayen ashana sai ya tsaya neman ɗan acaɓa. Ba na zagin waɗannan abubuwa, domin sun ɗauke wa mata wahala ƙwarai. Amma jiki bai san an yi sauyi ba. Tuwon da muke ci na manomi ne, zaman da muke yi kuwa na akawu. Sai ga hawan jini da ciwon suga, waɗanda dā muke ce musu ciwon masu kuɗi, sun shigo gidan malamin makaranta, da na tela, da na mai tuyar ƙosai.

Ni nawa sa gudun ya zo ina da shekara 58. Likita ya auna jinina, ya sāke aunawa, sa'an nan ya ce, "Baba, magani zai yi rabin aiki. Sauran rabin ƙafarka ce za ta yi." Ya faɗa mini abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar, watau babban mutum ya sami aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki har numfashinsa ya ɗan ɗaga. Rabin sa'a ke nan, kwana biyar. Yara kuwa sa'a guda kowace rana. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe wuyar tana wajen samun inda za a sa ƙafar.

A lokacin ina zaune a birnin Kano, ina shekarun ƙarshe na aikin koyarwa. Wanda ya taɓa fita da asuba a can ya san yadda abin yake. Za ka ga mutane jefi-jefi suna sassarfa a gefen titi, waɗansu a wajen filin sukuwa, waɗansu matasa suna hawa Dala ko Goron Dutse. Amma gefen titi ba naka ba ne. Rabinsa mai shago ya kafa rumfa, rabi kwata ce a buɗe, ga hayaƙin tirela a fuskarka, ga mai babur yana maka ƙaho kamar ka ci bashinsa. Wuri ɗaya na sani a tsakiyar birni inda manyan itatuwa suka haɗa inuwa mai faɗi har mutum ya manta da ƙarar mota, shi ne gidan namun daji na Audu Baƙo. Zan koma kansa nan gaba. Da na ajiye aiki sai muka tattara muka koma gida, kusa da Tiga a ƙasar Bebeji, inda aka yanke mini cibiya.

Ina yaro ɗan shekara goma aka fara gina dam ɗin Tiga, a 1971, zamanin Gwamna Audu Baƙo. An gama a 1974, daidai lokacin da farin nan na 1973 ya gasa ƙasar Hausa. An tare Kogin Kano da bangon ƙasa mai tsawon kusan kilomita 6. Ruwan da ya taru ya rufe fili kamar murabba'in kilomita 178. Daga nan ake sakinsa ya bi ta Ruwan Kanya zuwa gonakin rani na Kadawa, da Kura, da Bunkure, da Garun Malam. Tumatir da shinkafar da ake lodawa a motoci a can, ruwanmu ne. Mu yara abin da ya dame mu shi ne manyan motocin tura ƙasa, muna bin su da gudu muna ihu. Manya kuwa abin da ya dame su daban ne. An tashi dubban mutane daga garuruwansu. Gonaki sun nutse, da kaburbura, da kukokin da ake kwatance da su. Abin da ba a cika ambata ba shi ne hanyoyi. Turbar da mahaifiyata take bi zuwa gidan iyayenta tana ƙarƙashin ruwa har wa yau. Tafiyar da take yi kafin rana ta yi zafi ta koma zagayen yini guda, ko kuwa ta shiga kwale-kwale, ita kuwa tana jin tsoronsa. Daga shekarar nan zuwanta gida ya ragu.

Amma ƙafar mutum ba ta zama. Kafin shekara biyu sababbin turbobi sun fito a gefen sabon ruwan. Masunta suka taka tasu, Fulani suka kora shanu ta tasu, mata masu itace suka yi tasu. Ba wanda ya auna, ba wanda ya zana. A kansu muka koyi gudu. Sa'ad da na shiga makarantar horon malamai akwai gudun da ake sa mu kowace shekara da sanyin hunturu, a fita daga makaranta a ratsa gonaki da daji a dawo. Mu muna ce masa gudun ya da ƙanin wani, kuma sunan ya dace, domin a hanya za ka riƙa wuce waɗanda suka zube suna haki. Yawancinmu ba takalmi. Malamin wasanni yakan ƙarfafa mu da labarin Abebe Bikila, mutumin Habasha, wanda ya ci tseren kilomita 42 a birnin Rum a 1960 da ƙafa tsirara, ya kuma sāke ci a Tokyo a 1964. Mu kuwa mukan ce a ranmu, lalle titin Rum ba shi da tsidau. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba, amma ban taɓa zubewa ba, kuma hutun da nake yi a bakin Tiga ne ya ba ni wannan.

Yanzu bari in kai ku turbar da nake bi. Shi bangon dam wurin hukuma ne, ban sa shi cikin lissafi ba. Tawa tana farawa ne daga bayan gari, ta bi burtali tsakanin gonaki biyu, ta wuce ƙarƙashin waɗansu ɗorawa uku, sa'an nan ta gangara bakin ruwa. Daga nan ta bi gaɓa har wata tsamiya inda masunta suke ɗaure kwale-kwalensu. Zuwa da dawowa bai kai sa'a guda ba a tafiyata. Nakan fita bayan an sauko daga sallar asuba, gari ya fara haske har ina iya ganin inda nake takawa. Wannan ba don tsoron mutum ba ne, don kasa ne da kububuwa, gama sun fi son turba mai ɗumi da dare, kuma kasa ba ta kauce wa kowa.

Turbar nan ba ta tsayawa wuri ɗaya. A ƙarshen damina, wajen watan Satumba da Oktoba, dam ya cika ya batse, ruwa ya hau har gindin itatuwa, sai turba ta ja da baya ta bi ta tudu. Ciyawa ta kai ƙugu, raɓa ta jiƙa wando, ƙarangiya ta manne. Da hunturu ya shigo sai ruwa ya fara janyewa. Hazo ya rufe tafkin har ba ka ganin ƙetare, sai ka ji muryar masunta tana fitowa daga cikin farin abu kamar ba mutane ba. Wannan ne lokacin da ya fi daɗin gudu. Ƙasa ta yi tauri, iska da sanyi, ga tsuntsayen ruwa sun cika gaɓa. Kirinjijiya sukan tashi garke guda suna fito. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya ba ruwansa da kai. Zakaran ƙeƙuwa kuwa ɗan tsegumi ne, da ya hango ka sai ya sanar wa duniya. Da bazara ruwa ya yi nisa, ya bar laka mai kyau, manoma su bi shi da shuka, turba kuma ta bi tsakanin kunya da kunya. A nan sai da ladabi. Wanda ya taka wa mutum shukarsa da sunan neman lafiya, ya nemo wa kansa wani ciwon.

Makon farko na sha tambaya. Kowa na gamu da shi sai ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya?" Wata tsohuwa ta ajiye itacenta ta ce, "Ɗan nan, wa ya rasu?" Na ce ba kowa, Inna, likita ne ya sa ni. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da ya aiko ka ka ɗaukar mini wannan itacen ai da ya fi. Ban sami amsa ba. Na ɗauka, na kai mata bakin gari.

Ga wanda yake so ya fara, musamman wanda ya ba hamsin baya, kada ya fara da gudu. In yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko suga, ya ji ta bakin likita tukuna. Ni wata biyu na yi ina tafiya kawai, mai ɗan sauri, wadda zan iya magana a cikinta amma ba zan iya waƙa ba. Bayan haka na riƙa sa sassarfa daga wannan itace zuwa wancan, in koma tafiya, in sāke. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙasa ta fi kwalta sauƙi ga gwiwa, wannan kuwa duk tsohon da ya gwada biyun zai shaida. Takalmin kambas na gwanjo ya isa. Kuma in ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya zo, a tsaya nan take, ba jarumtaka a ciki.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon iyaye su riƙe da kyau. Bayan gudu jiki ya yi zafi, ga ruwa shimfiɗe a gabanka, ba abin da rai yake so kamar a faɗa ciki. Kada a bar yara su shiga. Ruwan da yake kwance irin na dam da na magudanan noman rani gidan tsargiya ne. Waɗansu ƙananan dodon koɗi suna zaune a ciyawar gaɓa, daga jikinsu tsutsotsin da ido ba ya gani suke fitowa, su huda fata su shiga jini. Ba sai an sha ruwan ba, tsayawa a ciki ya isa. Bayan wani lokaci yaro ya fara fitsarin jini. Muna yara ana ce mana wannan alamar zama namiji ce, har wanda bai yi ba a yi masa dariya. Ƙarya ce. Ciwo ne mai cin mafitsara a hankali, yana rage jini, yana sa yaro kasala a aji. Maganinsa yana nan a asibiti, ba shi da tsada. Ni da gorar ruwa nake fita, wanka kuwa sai na dawo gida.

Uwargida ta fi ni bukatar turbar, domin ita suga ne da ita, amma wata shida tana kallona kawai. Na yi magana, ta ce, "Maigida, kai namiji ne. Ni in aka gan ni ina zabga sauri a bakin ruwa ba tulu ba kwarya, me za a ce?" Gaskiyarta. Mace a wurinmu tana da izinin yin tafiyar mil biyar in da kaya a kanta, amma ba ta da izinin yin mil ɗaya hannu sake. Maganin da ta samo ya fi nawa dabara. Ta yi magana da ƙawayenta na zumuntar mata, da maƙwabciyarmu matar wani mahauci, suka zama su shida. Mace ɗaya abin magana ce, mata shida kuwa ba mai tare su. Ba sa gudu. Sukan ɗaure zane da kyau su yi ta sauri suna hira, har su dawo ba su gama labarin da suka fara ba.

Wadda take ba ni tunani ita ce jikanyata. Shekararta goma sha ɗaya, gudu kuwa kamar barewa. Takan wuce ni, ta kai tsamiya, ta dawo ta same ni, ta ce, "Tsoho, ko in goya ka?" In ce, "Amarya, bari in huce, za ki gani." Na koyar shekara talatin da biyar, na ga irinta da yawa. A aji huɗu su ne suke gaban maza. Da sun kai shekara goma sha uku sai ka neme su a filin wasa ka rasa. Ba wanda ya kafa doka. Kallo ne, da 'yar magana, da kunya, da rashin wurin da uwa za ta sake yarinya da kwanciyar rai. Ina so wannan ta kai shekara ashirin tana gudu. Ban ga yadda za a yi haka ba sai in turbar tana nan, kuma da idon manya a kanta.

Ga shi kuwa turbobin suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wurare masu kyau ba su yi mana kaɗan ba a kudancin Kano. Ga tafkin Bagauda, mai sunan sarkin Kano na fari, wanda aka yi kafin Tiga. A zamaninsa otel ɗin bakin tafkin wurin shaƙatawa ne da ake zuwa daga nesa. A watan Agusta na 1988 ruwan sama mai yawa ya fasa dam ɗin, aka yi hasarar rayuka da gidaje. Daga baya otel ɗin ya zama makarantar horon lauyoyi. Ga dajin Dansoshiya a ƙasar Kiru, inda a 2020 gwamnatin jiha ta buɗe matsugunin makiyaya. Ga duwatsun Riruwai a Doguwa, inda aka haƙi kuza, da iska mai sanyi kamar ta Jos. Sai kuma babbansu, dajin Falgore.

Falgore ya ratsa ƙasar Tudun Wada, da Doguwa, da Sumaila, girmansa wajen murabba'in kilomita 1,000. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 kuma aka mai da shi gandun namun daji. Hanyar Jos ta tsaga shi. Na fara shiga cikinsa ne da 'yan makaranta, ina sabon malami. Ban taɓa ganin itatuwa haka ba, doka, da maje, da kawo, da maɗaci, da taura, ga sanyi a ƙarƙashinsu da tsakar rana. Mun ga gwaggon biri garke guda, mun ga mugun dawa ya ɗaga wutsiya yana gudu, malamin daji kuma ya nuna mana sawun gwanki a bakin rafi. Da a ce za a shimfiɗa turbar gudu a ƙasar Kano, ba inda ya kai nan. Amma wane uba ne zai ce wa ɗansa je ka yi gudu a Falgore? An yi shekaru direbobi ba sa son dare ya same su a ciki saboda 'yan fashi da ɓarayin shanu. A 2017 rundunar sojan ƙasa ta mai da shi wurin horon sojoji domin a kori miyagu. Ga kuma gatari, ga buhunan gawayi a bakin hanya. Wannan ya shafe mu a Tiga kai tsaye, domin Kogin Kano ta cikin dajin nan yake biyowa kafin ya zuba a dam. Inda aka sare itace ruwan sama yakan kwashe ƙasa, ƙasar kuwa a cikin tafkinmu take kwanciya.

Akwai wani daji a ƙasar Kenya da labarinsa yake ba ni ƙarfin zuciya. Sunansa Karura, yana cikin birnin Nairobi, girmansa kamar hekta 1,000. A 1998 aka gano an yanka waɗansu sassansa an ba masu gina gidaje. Wata mace, Wangari Maathai, ta ja mutane suka shiga dasa itatuwa a wurin. A watan Janairu na 1999 aka tare su da kulake, aka fasa mata kai. Ba ta bari ba, har aka fasa ginin. A 2004 aka ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya. Amma ko bayan an ceci dajin, mutane suna tsoronsa, gama maɓoyar 'yan fashi ne. Sai a 2009 maƙwabtan dajin suka kafa ƙungiya, suka haɗa hannu da hukumar gandun daji, aka kewaye shi da waya, aka ɗauki masu gadi daga unguwannin talakawa na kusa. Yau akwai turbobi na kusan kilomita 50 a ciki, da ƙaramin tafki, da rafuka, mutane suna gudu, mata suna tura jarirai a keke. Abu ɗaya ne ban so a ciki ba, sai an biya kuɗi a ƙofa. Kuɗin ne yake biyan masu gadi, na sani. Amma a wurinmu in aka sa ƙofa da tikiti, tsohuwar nan mai itace ita za a fara kora. Abin da na ɗauka daga Karura shi ne, ɓarawo ba ya son wurin da ƙafa ta yi yawa.

Na ce zan koma kan gidan namun daji na Kano. A 2020 gwamnatin jiha ta yi shelar za ta ɗauke shi daga cikin birni ta kawo shi Tiga, wai hayaniya ta yi wa dabbobi yawa. Mutane suka yi ta gardama a rediyo. Waɗansu 'yan garinmu sun yi murna, suna lissafin baƙi da ciniki. Ni ban yi ba. Zaki da jimina ana iya sa su a mota. Itacen da ya shekara hamsin ba ya shiga mota. Mu a nan muna da inuwa, su a can ita ke nan gare su, kuma kowa ya san abin da yakan tsiro a filin birni da zarar an tashi mai shi. Gidan yana nan inda yake, ina kuma fata a buɗe shi da sassafe domin masu tafiya da sassarfa.

Tamu turbar ma ta kusa tafiya. Shekara biyu da suka wuce wani mai hali daga birni ya sayi gonakin da suke gefen burtali, ya ce zai yi lambun mangwaro. Madalla. Amma da masu aikinsa suka zo kafa waya, sai suka ja ta tun daga tudu har cikin ruwa. Na fito da safe na tarar da ƙaya ta ƙarfe a gabana. Na tsaya ina tunanin abin da zan je in faɗa wa dagaci. In ce an hana ni gudu? Ai fada za ta fashe da dariya.

Ashe ba ni kaɗai wayar ta tare ba. Ta tare wani Bafillace da yake kai shanunsa mashaya ta nan tun zamanin mahaifinsa. Ta tare masunta, sai sun yi zagaye da kwandon karfasa a ka kafin su kai bakin mota. Muka tafi tare. Bafillacen ya yi maganar burtali, babban masunta ya yi maganar kifi da yake lalacewa a rana. Da aka zo kaina na ce, "Ranka ya daɗe, ni ba ni da saniya, ba ni da koma. Amma akwai mata shida da tsofaffi uku da suke shan magani a turbar nan kowace safiya, kuma ba a biya." Dagaci ya yi murmushi, ya ce ya ga uwargidana tana wucewa kamar za ta kama mota. Ya aika aka kira wakilin mai lambun. Ba a yi faɗa ba. Dattawa suka shaida cewa burtali ya riga cinikin, kuma ba a sayar da hanyar ruwa. Na lura dai da abu ɗaya. Maganar shanu ce ta ci shari'ar, gama al'ada ta san hakkin saniya a kan hanya, ta san na masunci, amma ba ta san na mai neman lafiya ba tukuna. A inuwar saniya na fake, ban kuwa ji kunya ba.

An ja wayar baya, an bar taki shida tsakaninta da inda ruwa yake kaiwa in ya cika. Da damina ta kama muka karɓo dashen darbejiya da maɗaci guda 40, muka jera su a gefen, domin kowa ya ga iyakar da ido, kada wata rana waya ta sāke matsowa da dare. Yaran makaranta suka kewaye kowanne da ƙaya. Awaki sun ci rabonsu, bazara ta ci nata, 17 suka rayu. Waɗansu sun kai kafaɗata yanzu. Jikanyata ce take ba su ruwa da rani, da bokiti mai igiya, tana tsaye a kan dutse, domin na hana ta sa ƙafa a ciki. Mai lambun da kansa ya aiko da dashen mangwaro biyar a ƙara a layin. Bafillacen ya ce kada a sa su kusa da mashaya, shanu ba za su bar su ba, sai muka kai su can wajen ɗorawa.